Daga Ina Karin Ya Fito? Bin Sawun Harshen Hmong da Suwidanci

A gabashin birnin Saint Paul na jihar Minesota a Amurka akwai wani titi mai suna Payne Avenue. A ƙarshen ƙarni na 19 cibiyar 'yan ci-rani ce daga ƙasar Suwidin, har wani kwari da ke kusa da shi da sunansu ake kiran sa. Fiye da mutum miliyan ɗaya ne suka bar Suwidin zuwa Amurka a wancan zamani, kuma Minesota na cikin jihohin da suka fi kwasar rabo. Bayan shekarar 1975, da yaƙin Lawos ya ƙare, sai wasu baƙin suka sauka a wannan shiyya ta birnin: 'yan ƙabilar Hmong, mutanen kan tsaunuka, waɗanda da yawansu suka yi yaƙi a ɓangaren Amurka ƙarƙashin Janar Vang Pao, sannan suka ƙetare kogin Mekong suka yi zaman sansanin gudun hijira a Tailan. Cikin jikokinsu ne aka sami Sunisa Lee, wadda ta ci zinare a wasannin Olamfik na Tokyo a 2021.

Al'ummomi biyu ke nan da babu abin da ya haɗa su sai unguwa. Amma mai jin Ingilishi kaɗai, in ya saurari kowannensu, abu guda yakan faɗa: waɗannan mutane rera magana suke yi. Kuma bai yi ƙarya ba, domin harsunan biyu duk suna bambanta kalma da kalma ta hanyar hawa da saukar murya. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Wuyan da ake rataya wa sarƙa da wuyar da ake sha a rayuwa baƙaƙe da wasula ɗaya ne, murya ce kawai ta raba su: na farko sama sannan ƙasa, ta biyu ƙasa sannan sama. Wannan shi ne abin da malaman harshe ke kira karin sauti.

A kudu maso gabashin Asiya karin sauti ba abin mamaki ba ne, Sinanci da harshen Tai da na Biyetnam duk suna da shi. Amma Suwidanci fa? Ɗan ɗaki ɗaya ne da Ingilishi da Jamusanci, waɗanda ba su san da wannan zance ba. Wa ya ba shi? Ga kuma wani ƙaramin abin ɗaure kai a allunan shagunan unguwar. Mutanen da duniya ke kira Hmong, su a rubutunsu Hmoob suke sa wa. Ka kasa kunne iya kasawa, ba za ka ji “b” ɗin nan na ƙarshe a bakin kowa ba. Gaisuwarsu ma, nyob zoo, haka take: an rubuta “b”, ba a furta shi. Me harafi yake yi a wurin da babu mai faɗarsa?

Zato na farko da kan zo wa mutum shi ne dangantakar jini. Akwai ma wanda ya share wa wannan zato hanya. A 1924 wani limamin mishan Bafaranshe, François Marie Savina, ya wallafa tarihin wannan al'umma, inda ya yi da'awar cewa kakanninsu sun taso daga yammacin Asiya, suka bi ta ƙasashen ƙanƙara na arewa mai nisa kafin su gangaro Sin. Labarin ya yi daɗin ji, ya kuma yaɗu, amma masana ba su sami hujjar da za ta riƙe shi ba, kuma harshe ma bai goyi bayansa ba. A ƙidaya Basuwide zai ce en, två, tre, waɗanda kowa ke jin ƙanshin Ingilishi da Jamusanci a cikinsu. Mutumin Hmong zai ce ib, ob, peb. Suwidanci yana cikin babban gidan harsunan Indiya da Turai, yana raba sunaye jinsi biyu, yana kuma canza siffar aikatau gwargwadon lokaci. Harshen Hmong na wani gida ne dabam da ake kira Hmong-Mien, mai tushe a kudancin Sin, a lardunan da suka haɗa da Guizhou da Yunnan. Yawancin kalmominsa gaɓa ɗaya ce, ba sa karɓar ɗafi, kuma kafin a ambaci abu sai an sa masa kalmar rukuninsa: tus ga mai rai, lub ga abu irin gida ko tukunya. Kama da wane ba ta wane.

Aro ma bai shiga lissafi ba. Ba su yi zaman maƙwabtaka ba sai a Minesota, alhali kowannensu ya riga ya yi ɗaruruwan shekaru da karinsa. To in ba gado ba ne, ba kuma aro ba, saura abu ɗaya: kowane harshe shi ya haifi nasa. Sai dai an daɗe ana ganin wannan ba mai yiwuwa ba ne. A 1912 masani Henri Maspero ya sa harshen Biyetnam a dangin Tai, babbar hujjarsa kuwa ita ce karin sauti, don a ganinsa harshen da bai gaji kari ba ba zai tsince shi daga baya ba.

Bari mu fara da harafin nan da ba a furtawa, don shi ne bakin zaren. Tsakanin 1951 da 1953 wasu 'yan mishan uku a Lawos, William Smalley da Linwood Barney da Yves Bertrais, tare da masu harshen da suka yi aiki da su, suka tsara wa Hmong rubutun boko. Sun lura cewa gaɓar Hmong ba ta ƙarewa da baƙi, in ban da ɗan sautin hanci, shi kuma suka nuna shi ta ninka wasali, shi ya sa “oo” na Hmoob ake karanta shi “ong”. Ke nan gurbin ƙarshen kalma fanko yake. Sai suka zuba alamomin kari a cikinsa, da haruffan da kowane keken rubutu yake da su. Dubi abin da gaɓa ɗaya take zama a karin harshen da ake kira Farin Hmong. Pob, da murya sama, dunƙule ne ko ƙwallo. Poj, daga sama a faɗo, mace. Pov, daga tsakiya a hau, jifa. Po, a tsakiya ba hawa ba sauka, saifa. Pos, a ƙasa, ƙaya. Pog, ana saukowa da murya mai haɗe da huci kamar ta wanda ya gaji, kaka ta wajen uba. Pom, a ƙasa can, gajere, da ɗan shaƙewa a maƙogwaro a ƙarshe, gani. Kari bakwai, kalmomi bakwai. Yaron da ya tashi a Amurka ya kuskure muryar da zai kira kakarsa, ƙaya ya kira.

An warware ƙaramin ƙulli ke nan: “b” alamar karin sama ce. Amma warwarewar ta tono tambayar da ta fi ta girma. Me ya sa gurbin ya zama fanko tun farko? Ina baƙaƙen ƙarshen kalma suka tafi?

Wanda ya samo mabuɗin Bafaranshe ne, André-Georges Haudricourt, wanda asalin karatunsa aikin gona da ilimin tsirrai ne. A 1954 ya jera kalmomin Biyetnam kusa da na harsunan Mon-Khmer, waɗanda yawancinsu ba su da kari. Kifi a harshen Biyetnam cá ne, da murya mai hawa. A harshen Khmu, ɗaya daga cikin harsunan Mon-Khmer, kalmar ka ce mai ƙarewa da hamza. Hanci a Biyetnam mũi ne, da wani karin dabam, a Khmu kuwa muh, da “h” a ƙarshe. Ya bi kalma bayan kalma ya ga tsarin bai saɓa ba: inda dangi ke da hamza, Biyetnam na da kari iri kaza, inda suke da “h” ko “s”, tana da wani irin. Dalilin yana cikin maƙogwaro. Kafin a yi hamza tantanin maƙwallato yakan ɗaure, murya ta ɗan hau. Kafin a yi “h” yakan saki, murya ta ɗan sauka. Muddin baƙin yana nan, babu mai kula da wannan ɗan bambanci. Ranar da baƙin ya raunana har ya ɓace daga bakin yara, hawa da saukar ne kaɗai suka rage masu raba kalmomin, sai kunne ya koma kansu. Kamar kukokin da ke tsaye a kufai ne: gari ya tashi, amma mai ido ya san inda gidaje suka zauna.

Wannan shi ne zagaye na farko. Na biyun ya faru a farkon kalma. Ɗora yatsa a maƙogwaronka ka ja “sss”, sannan ka ja “zzz”, za ka ji ziza a na biyu. Baƙaƙe masu ziza irin “b”, “d”, “g” suna sa wasalin da ke bin su ya fara daga ƙasa kaɗan, marasa ziza irin “t” da “k” kuma suna ɗaga shi. An auna wannan da na'ura a harsuna da dama, har da Ingilishi. In harshe ya daina bambanta “ga” da “ka”, sai kowane kari ya rabe biyu, na sama da na ƙasa.

Mai shakka zai iya cewa ai wannan hasashen masana ne a kan abin da babu wanda ya gani. To akwai inda ake ganinsa da rai, kuma abin sha'awa a Suwidin aka yi babban aikin tabbatar da shi. A jami'ar Lund, Jan-Olof Svantesson da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna nazarin harshen Khmu, maƙwabtan Hmong a tsaunukan Lawos, tare da wani ɗan ƙabilar mai suna Damrong Tayanin. A karin harshen gabas ana ce wa gaggafa klaang, dutse kuma glaang, babu ruwan kowa da kari. A na arewa duka biyun klaang ne, sai dai gaggafa da murya sama, dutse da murya ƙasa. Harshe ɗaya, wani yanki ya haifi kari, wani bai haifa ba, kuma duk suna raye ana iya zuwa a saurare su.

Yanzu a koma kan Hmong da wannan mabuɗi. Rukuni huɗu na ƙarshen gaɓa: mai ƙarewa da wasali ko ɗan hanci, mai hamza, mai “h”, da mai ƙarewa da “p”, “t” ko “k”. A ninka su biyu saboda ziza ko rashinta a farko, an sami takwas. Hujja tana wajen ɗan'uwansa harshen Mien, wanda bai zubar da “p”, “t”, “k” na ƙarshe ba. Gani a Hmong pom ne, a Mien ana cewa buat. Takwas a Hmong yim ne, a Mien hiet. Wato ɗan shaƙewar nan da ake ji a ƙarshen pom daidai take da wurin da “t” ya taɓa zama. Masaniya Martha Ratliff ta tattara irin waɗannan kalmomi a littafinta na tarihin dangin Hmong-Mien da ya fito a 2010. Rukunan nan huɗu kuwa sun yi daidai da na tsohon Sinanci da Tai da Biyetnam, alamar cewa maƙwabtan sun bi ta wannan sauyi suna cuɗanya da juna.

Saura gyara ɗaya a lissafin. An ce takwas, amma bakwai muka ƙirga. Ina ɗayan? Amsar tana tsakanin manyan kare-karen harshen biyu. Farin Hmong yana ce wa hannu tes, kifi ntses. Koren Hmong yana cewa teg da ntseg. Amma ba kowace kalma mai “s” a wancan ce take komawa “g” a wannan ba, wani rukuni ne kawai. Wannan rukuni shi ne kari na takwas ɗin da ya ɓace: a wani yanki ya narke cikin karin “s”, a wani ya narke cikin karin “g”. Da a ce karin harshe ɗaya kaɗai ya rage a duniya, da gano shi ya yi wuya ƙwarai.

Da wannan nasara a hannu, mutum zai ɗauka ƙofar Suwidanci ma za ta buɗe da mabuɗin. Ba ta buɗewa. Suwidanci bai zubar da baƙaƙen ƙarshe ba, cike yake da su, kuma har gobe yana bambanta “b” da “p”, “g” da “k”. Karinsa ma ba irin na Hmong ba ne. Biyu ne kacal, ba kuma kowace gaɓa ke da nata ba, kalma ce gaba ɗaya take ɗaukar ɗaya daga cikinsu. Misalin da ake fara koya wa baƙo shi ne anden. A bakin mutumin Stockholm, in murya ta hau sau ɗaya ta sauka, agwagwar ake nufi. In ta faɗo a gaɓar farko ta sake hawa a ta biyu, tudu biyu ke nan, to ruhin ake nufi. Haka tomten: da kari na ɗaya filin gini ne, da na biyu kuma ɗan dattijon almara ne mai jar hula da ke kawo wa yara kyauta a lokacin Kirsimeti.

A nan ma sai an tuɓe wa kalma riga. Suwidanci yana liƙa alamar sanannen abu a ƙeyar suna, kusan yadda muke cewa gida, gidan, ko mota, motar. In an cire ɗafin, agwagwa and ce, gaɓa ɗaya. Ruhi kuwa ande ne, gaɓa biyu. Fili tomt, dattijon tomte. Ga zaren ya fito: a tsohon harshen Arewacin Turai, kimanin shekaru dubu da suka wuce, kalma mai gaɓa ɗaya tana da rerawarta, mai gaɓa biyu ko fiye tana da tata. Wannan bai raba ma'anar komai ba, tun da yawan gaɓoɓin ya riga ya raba. Sai wata 'yar kalma mai zaman kanta, inn, wadda ake sa wa bayan suna, ta manne masa ta zama ɗafi. And ta zama anden, ta sami gaɓa ta biyu, amma ta riƙe rerawarta ta da. Ande ma ta zama anden da tata rerawar. Baƙaƙe da wasula suka zo ɗaya, kari ya zama alƙali.

Bayani mai kyau dole ya jure gwaji a inda ake ganin zai faɗi. Ga kalmomi biyu: fågel, tsuntsu, da nyckel, mabuɗi. Duka gaɓa biyu ne, duka da “el” suke ƙarewa, babu ɗafin sananne a jikinsu. Bisa ƙa'ida ya kamata su ɗauki kari na biyu tare. Amma fågel na ɗaya take ɗauka. In aka buɗe tsofaffin rubuce-rubuce sai a tarar tsuntsu fugl ne, gaɓa ɗaya, daga baya ne aka cusa wasali tsakanin “g” da “l” don sauƙin faɗa. Mabuɗi kuwa tun asali gaɓa biyu ne. Jam'in tsuntsu, fåglar, wanda tun da can gaɓa biyu ne, kari na biyu yake ɗauka. Haka komma, zuwa, tana da kari na biyu, amma kommer, yana zuwa, tana da na ɗaya, domin tsohuwar siffarta gaɓa ɗaya ce. A ganina nan ne wurin da ya fi ban sha'awa a duk binciken: yaro ɗan shekara biyar a Stockholm, wanda bai taɓa jin labarin tsohon harshe ba, muryarsa tana ƙirga gaɓoɓi yadda suke shekaru dubu baya, ba ta kuskure.

Abin da ya sa masu gaɓa biyu suka sami rerawa dabam tun farko, a nan masana sun rabu. Tomas Riad na jami'ar Stockholm yana ganin tudu na biyu ragowar wani nauyi ne da gaɓar baya take ɗauke da shi a zamanin da kalmomi suka fi tsawo, kafin wasula su zube, kamar yadda gastiz ta zama gestr, yau kuma gäst, wato baƙo. Wasu suna ganin ƙololuwar murya ce kawai ta jinkirta a doguwar kalma saboda ta sami fili. Harshen Nowe yana da irin wannan kari, na Denmak kuwa ɗan shaƙewar maƙogwaro yake yi a yawancin wuraren da Suwidanci ke da kari na ɗaya.

To ga amsar ta haɗu. Hmong ya sami karinsa daga baƙaƙen da suka ɓace a ƙarshen gaɓa da zizar da ta gushe a farkonta. Suwidanci ya sami nasa daga yawan gaɓoɓin da ɗafi da cusa wasali suka rikita. Hanyoyin ba su haɗu ko'ina ba, sai a abu guda: a duka biyun wani ɗan bambancin murya da ba a kula da shi ne ya gaji aikin raba ma'ana, bayan mai aikin na asali ya kau.

Wannan ya kuma bayyana dalilin da ya sa ɗaya yake rubuta karinsa, ɗaya ba ya rubutawa. Masani Claes-Christian Elert ya ƙirga kalmomin Suwidanci da kari kaɗai ke rabawa ya sami tagwaye kimanin 350, kuma da wuya a rikita su cikin jimla. Masu Suwidanci na ƙasar Finlan yawancinsu ba su da karin sam, ana kuwa fahimtar su sarai. A Hmong in ka cire kari ka rushe harshen, tun da gaɓa ɗaya tana iya zama kalma bakwai. Ko Shong Lue Yang, manomin da ya ƙago wa mutanensa rubutu nasu na kansu mai suna Pahawh a 1959 ba tare da ya yi karatun boko ba, sai da ya tanadi hanyar nuna kari a cikinsa.

Hausa tana tsakanin biyun, kuma tana da nata sawun. Faɗi kada, sannan ka faɗi kar. A ta farko murya sama take a “ka”, ƙasa a “da”. A ta biyu wasalin ƙarshe ya tafi, amma karinsa na ƙasa bai bi shi ba, ya dawo kan gaɓar da ta rage, sai ka ji muryar ta faɗo daga sama zuwa ƙasa a gaɓa ɗaya. Haka masa da mas, mini da min. A cikin danginmu na Cadi kuma akwai harsuna irin Ngizim na yankin Potiskum da Bade na yankin Gashuwa, waɗanda baƙaƙe masu ziza ke tasiri a kan karinsu a fili, abin da marigayi Russell Schuh ya yi dogon nazari a kai. Masani Ekkehard Wolff ma ya kawo hujjojin cewa a wasu harsunan Cadi ta wannan hanya kari ya samu.

Ba a warware ƙullin Hmong ba sai da aka sami Mien, da Koren Hmong kusa da Fari, da Khmu na gabas kusa da na arewa. Ƙananan harsuna da kare-karen ƙauye ne suka riƙe hujjar da manya suka zubar. Harsunan Cadi sun haura 150, da yawansu kuma yaran gidan sun koma Hausa zalla. Ɗaliban harshe na jami'o'inmu, a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kowannenku yana da wayar da za ta ɗauki murya. Ku je wurin tsofaffin da suka rage, ku naɗi maganarsu, ku rubuta ta da karinta, tun suna nan.